A kai ɗaliban gini su ga inda ruwa ya ci

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Kafin rana ta take, kogin Ngadda ya cika Fori da Gwange da Galtimari, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, ya kayar da katangar gidan yari fursunoni 281 suka fice, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ya kamata a kai waɗanda suka jikkata, shi ma ruwan ya mamaye hawansa na ƙasa, na'urori masu tsadar gaske suka kwana cikin taɓo. An gama madatsar nan a 1986, kuma a 1994 ruwanta ya taɓa cin garin. Shekara talatin cif tsakanin ambaliyar biyu.

Cikin shekarun nan talatin jami'o'inmu sun yaye dubban injiniyoyin gine-gine da masu zanen gini. Da yawansu su ne yau ke zaune a ma'aikatun ayyuka da hukumomin tsara birane. Su ke sa hannu a takardar izinin gini, su ke cewa kwalbatin nan ya isa ko bai isa ba. Irin karatun da aka ba su nake so a duba. A ganina, yaron da zai fita da digirin gini a ƙasar nan bai cancanci takarda ba sai ya iya amsa tambaya biyu a kan duk abin da ya zana: ina ruwa zai bi ranar da ya fi ƙarfin lambatu, kuma ta ina mutane za su fita ranar da wuta ta tashi ko bango ya tsage. Allo kaɗai ba zai koya masa wannan ba. Sai an ɗauke shi an kai shi inda abin ya faru, ya taka taɓon da ƙafarsa, ya auna tsayin shatin da ruwa ya bari a jikin bango.

Ba wai ba a koyar da ilmin tunkarar bala'i ko kaɗan ba ne. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta haɗa gwiwa da jami'o'i shida aka buɗe cibiyoyin nazarin bala'o'i, uku daga ciki a Arewa: ABU Zariya, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Fasaha ta Minna. Madalla da hakan. Sai dai karatun na waɗanda suka riga suka gama digirin farko ne, kuma ya fi karkata ga ma'aikatan agaji da jami'an gwamnati, mutanen da nauyinsu ke tashi bayan an yi ɓarna: kafa sansani, raba shinkafa da tabarma da gidan sauro. Wanda zai yanke shawarar ko janareta da ɗakin ajiye magani na asibiti su zauna a ƙasa ko a sama yana can wani gini cikin jami'ar ɗaya, yana aji uku, yana fama da zane, kuma yana iya gama karatunsa bai taɓa taka ƙofar cibiyar ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen zanen gini ranar juri, wato ranar da ɗalibai ke kare zanensu a gaban malamai, ya san yadda ake yi. Yara sun kwana ba barci, ido ya yi ja, an manna zane a bango, an ɗora ɗan samfurin kwali da gam a kan tebur, har da 'yan bishiyoyin soso. Katafaren kanti ne mai hawa biyar, gilashi daga ƙasa har sama, da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. Malamai za su yi magana kan fuskar ginin, su tambayi ta inda rana ke faɗowa, su yi faɗa kan kaurin layi. Ɗalibi ya kare kansa da Turanci mai daɗi. Abin da nake so in ji wani malami ya ce shi ne: “To malam, filin nan da ka zaɓa tudu ne ko gangare? In aka yi ruwan awa uku a watan Agusta, motocin da ka jera a ƙarƙashin ƙasa wa zai fito da su? In wuta ta kama a hawa na biyu, mai ciki da ke hawa na huɗu ta wace matakala za ta sauko? Ƙofar ƙasan nan waje take buɗewa ko ciki?” In ya kasa amsawa, ya faɗi, komai kyan zanen. Aka yi haka shekara biyu a jere, ɗalibai da kansu za su riƙa neman taswirar ambaliya kafin su zaɓi fili, domin ɗalibi abin da ake kayar da shi a kai yake karantawa.

A ɓangaren injiniyoyi lissafin yana nan a littafi. Ana koya wa yaro cewa yawan ruwan da zai bi ta kwalbati ya dogara da abu uku: faɗin ƙasar da ke zubo masa ruwa, ƙarfin ruwan saman, da kason da ƙasa ba ta shanye ba. Zai haddace, a ba shi lambobi a jarrabawa, ya ninka, ya ci maki. Abin da ba a cika nuna masa da ido ba shi ne lambobin nan motsi suke. Gonar da ke shanye akasarin ruwan da ya sauka a kanta, ranar da aka yanka ta filaye aka rufe da kwano da siminti da intalok, kusan duka take turowa titi. Kwalbatin da ya wadatar lokacin da bayan gari yake gonakin gero sai ya yi kaɗan, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Birnin Kano na gabanmu. Kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini tun kaka da kakanni, kuma su suka riƙa karɓar ruwan damina suna riƙe shi. An bi su ɗaya bayan ɗaya an cike da shara, an yi shaguna da gidaje a kai. Ruwan da suke ɗauka bai fasa sauka ba. Wannan aikin ɗalibin aji huɗu ne tsaf: a ba shi unguwa guda, ya nemo tsohon hoton sama da na yanzu, ya ƙirga kududdufan da suka ɓace, ya lissafa ruwan da suke riƙewa, ya zo ya faɗa mana yanzu gidan wa yake shiga.

Akwai kuma batun ambaliyar shekara ɗari, wadda har manya take ruɗawa. Mai ji sai ya ɗauka in an yi ta bana an huta sai zamanin jikoki. Lissafin kuwa cewa ya yi kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. A tsawon shekara 30 yiwuwar ta kai kusan kashi 26, a shekara 50 ta doshi kashi 40, kuma wa ke gina asibiti don ƙasa da shekara 50? Wannan ma in ruwan sama ya ci gaba da zuwa yadda ya saba ke nan. Ƙasar da ta ga ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, ta sake ganin ta 2022 da ta kashe fiye da 600, ba ta da hujjar auna magudananta da tsohon jadawalin ruwan sama. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar nazarin ruwa, NIHSA, na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Takardun nan biyu ya kamata a riƙa buɗe su a aji kowace shekara, ɗalibi ya nemo garinsu a ciki.

A ƙarshen Mayun 2025 aka yi ruwa cikin dare a Mokwa, da asuba ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. An tsamo gawa fiye da 150, wasu da dama aka neme su aka rasa. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna ruwan ya taru ne a bayan tudun layin dogo, mashigarsa ta ƙasa ta toshe, har tudun ya gaza ya sake shi lokaci guda. Tudun da aka yi don jirgin ƙasa ya koma madatsar ruwa, ba tare da wani ya taɓa zana shi a matsayin madatsa ba. Mokwa da Minna jiha ɗaya suke. Ɗalibin da aka kai wurin, ya tsaya a bakin inda tudun ya yanke, ya dubi unguwar da ke ƙasa, ba sai an sake gaya masa dalilin da ya sa ake leƙa kwalbati kafin damina ba. Ɗalibin likita ba ya samun takarda sai ya tsaya a kan gawa an nuna masa abin da ya kashe ta. Mu kuwa muna yaye masu gini da ba su taɓa tsayawa a kan ginin da ya mutu ba.

Inda na fi ganin giɓin shi ne ginin ƙasa. Miliyoyin mutanenmu a cikinsa suke kwana, kuma in ka saurari labaran damina daga Jigawa ko Katsina ko Maraɗi, sau da yawa za ka ji cewa ɗaki ne ya faɗa wa iyali cikin dare. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masu sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin nan a shekarun 1830, kuma da wuya a sami ɗalibin zanen gini a Arewa da ba a nuna wa hoton bakan gizonsa ba, wato ɗaurin gini mai lanƙwasa da ke ɗauke da rufinsa. Mai martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi. Daga Samaru, inda sashen zanen gini mafi tsufa a ƙasar nan yake, zuwa ƙofar fada ba wata tafiya ba ce. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba. Tambaya nake: injiniya nawa muke yayewa da za a nuna wa tsaga a bangon tubali ya ce wannan ta yaɓe ce, waccan kuwa a fitar da mutane yanzu-yanzu? Shekara guda bayan haka, a farkon Satumban 2024, ruwa ya kayar da tsohon masallacin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19.

Maginan gargajiya suna da nasu ilmin kare gini daga ruwa. Indararo mai tsawo, don ruwan soro ya faɗi nesa da gindin bango. Dakali a gindin katanga, kada ruwa ya ci ta daga ƙasa. Makuba da laso a rufi da jikin bango, da yaɓe kafin damina ta faɗi. Abin da ya shigo daga baya, shafa siminti a kan bangon ƙasa, yana da kyau a ido, amma in ruwa ya sami tsaga ya shiga ba ya samun hanyar bushewa. Bango ya yi ta jiƙa a ciki, waje kuwa lafiya lau, har ranar da zai zauna gaba ɗaya. Duk tsohon magini ya san wannan. A gayyato Sarkin Magina ya shiga aji, a biya shi yadda ake biyan baƙon malami, a kuma sa ɗalibai su gwada tubali da azara a ɗakin gwaji kamar yadda suke fasa kankare bayan kwana 28.

Wuta kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, shaguna dubbai suka tafi, kuma labarin gobarar kasuwa kusan ɗaya ne ko'ina: layukan da aka bar wa mota an cike su da tebura da kwantena, motar kashe gobara ta tsaya a bakin ƙofa, ruwanta ya ƙare babu inda za ta ɗiba. A gidaje mun sa wa kowace taga ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya, ita ma da kwaɗo biyu. A Nijar azuzuwan zana sun kama wuta a Yamai cikin Afrilun 2021, yara 20 suka rasu, a Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa fiye da haka. Zana aji mai arha, mai ƙofa biyu, wanda wuta ba ta lashe shi cikin minti biyar, iskar farkon damina ba ta yaye rufinsa, kuma maginin ƙauye zai iya yi da kayan da ke kusa da shi, ya fi kantin gilashi wuya. Ya kuma fi shi cancantar zama aikin kammala digiri.

Tsorona shi ne a ji kiran nan a amsa shi yadda muka saba. A ƙirƙiro kwas mai yunit biyu, a ba malamin da ya fi kowa ƙarancin aiki, ya zo da hotunan girgizar ƙasar Japan da guguwar Amurka, yara su haddace matakan tunkarar bala'i da shekarar da aka amince da tsarin Sendai na Majalisar Ɗinkin Duniya kan rage haɗarin bala'i, su rubuta, su manta. Girgizar ƙasa a san ta, an ji motsinta a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018. Amma abin da ke kashe mu ruwa ne da wuta da iska da ginin ha'inci, sai baƙar lakar Arewa maso Gabas mai kumbura da damina ta tsage da rani har ta karya fandisho. Wurin waɗannan cikin darasin zane ne, da na magudanan ruwa, da na ƙasa, da na kankare, inda ake kayar da mutum.

Masu cewa manhaja ta cika su tuna cewa sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita. Jami'o'in Kano da Wudil su ɗauki kogin Haɗeja, yadda ruwan Tiga da Challawa ke tarar da ciyawar kacalla ta toshe hanya ya koma gonaki da gidajen Auyo. Sakkwato ta ɗauki Goronyo da ambaliyar 2010, wadda ta cinye gadar da ke kai wa jami'ar kanta. Yola ta ɗauki Binuwai da ruwan da ake sakowa daga Lagdo ta Kamaru. Maiduguri kuwa aji ya zo mata har gida, tunda a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Kwangila irin wannan ya kamata a rubuta a cikinta cewa ɗan kwangila zai karɓi ɗaliban yankin su ga yadda ake gwada ƙasa da auna mafitar ruwa. Su za su gaji kula da ita.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ba ilmi ne ya yi ƙaranci ba, gaskiya ce ta yi. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, ba don babu wanda ya iya lissafin ginshiƙi a Legas ba. Makarantar Saints Academy ta Jos ta faɗa kan ɗalibai ranar 12 ga Yuli 2024, mutum 22 suka rasu. Na yarda da hujjar. Yaro zai fito da digiri, ya je wurin aiki, mai gini ya ja shi gefe: “Injiniya, rodin nan bai yi yawa ba? Gidan Alhaji wane da mai lamba 12 aka zuba dekinsa, ga shi nan tsaye.” Birkilan da ya girmi ubansa na gefe yana murmushi, ya riga ya ƙara kwanon sarki biyu na yashi a kwaɓin. Bulon da aka sauke in ka murza da yatsa sai ya zube, don buhun da ya kamata ya ba da talatin an matsa masa ya ba da hamsin. Yaron nan ya daɗe yana neman aiki. In ya ce a'a, gobe a kira wani.

Amma tsayuwar ma koyonta ake yi. A Ikoyin nan, wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta takarda tun 2020 ya janye daga aikin, ya ce ba zai iya ba da tabbacin ingancin abin da ake yi ba. Takardar nan ya kamata kowane ɗalibi ya karanta ta, a kuma tambaye shi wa ya kamata a aika wa kwafi don a tsayar da aikin, da abin da dokokin COREN da ARCON, hukumomin da ke yi wa injiniyoyi da masu zanen gini rajista, suka ɗora masa in ya buga hatiminsa a kan abin da bai duba ba. Wanda lissafi kawai ya sani zai ce, “Ranka ya daɗe, haka littafi ya ce,” kuma Alhaji ya fi littafi ƙarfi a filinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan ɓaraguzan makaranta, ya ɗauki guntun kankare ya marmashe a hannunsa, da wata murya zai yi magana. A kuma koya masa yin maganar da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, domin akasarin gidajen garuruwanmu babu mai digirin da ya taɓa ganin zanensu, birkila ne da mai gida da igiya. Injiniyan da bai iya zama da birkila ya ce, “Baba, mu ɗaga fandishon nan da bulo biyu, mu ɗaure katakon rufi da rodi a jikin linta, kuɗin ba yawa,” ilminsa ya tsaya a unguwar masu kuɗi.

Za a ce ƙaddara ce, kuma babu musu. Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Yin ta'aziyya da kalmar daidai ne. Rufe fayil ɗin bincike da ita ne abin da ban yarda da shi ba, kuma nan ne malamin da ke son yin abin da nake faɗa zai sha wuya. Gini ya rushe ko madatsa ta ɓalle, a kafa kwamiti, a ba shi 'yan makonni, a ɗauki hoton miƙa rahoto, daga nan shiru. Tun ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ya kamata a ce ɗakunan karatun sassan injiniya suna da kanta guda ta irin waɗannan rahotanni. Japan ta gyara dokar gininta a 1981 bisa abin da ta gani a girgizar ƙasar 1978, kuma da ta Kobe ta zo a 1995, gine-ginen da aka yi da sabuwar dokar sun fi tsofaffin tsira nesa ba kusa ba. Sun karanta ɓaraguzansu ne a fili. Mu kundin dokar gini ta ƙasa da aka fitar a 2006 ma jihohi da dama ba su mayar da shi doka ba.

Jami'o'i ba sai sun jira ba. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, shugaban sashe na iya rubuta wasiƙa ya nemi rahoto. In an hana shi, sashen ya haɗa nasa: bayan kowace damina a fita da ɗalibai da awo da waya, su yi alamar inda ruwa ya kai, su zauna da dattawan unguwa su ji ta inda yake bi a da, a ajiye, 'yan baya su ɗora. Watanni shida na SIWES, wato zaman koyon aiki a wajen makaranta, da yara da yawa ke ƙarewa a ofis suna jiran a sa musu hannu a littafi sun isa wannan aiki har da saura. Idan kuma tawagar COREN ko ta ARCON ta zo tantance sashe, bayan ta ƙirga kujeru da injinan ɗakin gwaji, ta nemi a kawo mata rahoton fita ta ƙarshe: ina aka kai ɗalibai, me ya rushe a can, me suka auna.